Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga gwamnonin jihohin Arewa 19 kan zaɓen ƙananan hukumomi

Zuwa ga Masu Girma Gwamnonin Jihohin Arewa,
Ta hannun Shugaban Ƙungiyar Gwamnonin Arewa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri a gare ku da iyalanku, na zaɓi in rubuto muku wannan wasiƙa a bainar jama'a ne saboda maganar da ke cikinta ta shafi kowannenku, ba tare da bambancin jam'iyya ba. Magana ce a kan ƙananan hukumomi 413 da ke cikin jihohinku, daga cikin 774 da ƙasar nan take da su, da kuma hanyar da ake bi wajen samar da mutanen da ke shugabantarsu.

Ranku ya daɗe, kun fi kowa sanin abin da ya faru a ranar 11 ga watan Yuli na 2024, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni-Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar a kan jihohi 36. Mai Shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta babban hukuncin, kuma abin da ya ƙunsa ba ya buƙatar dogon fashin baƙi: a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu na asusun tarayya kai tsaye, gwamna ba shi da hurumin rushe zaɓaɓɓiyar majalisar ƙaramar hukuma ya naɗa kantomomi, sannan duk ƙaramar hukumar da ba zaɓaɓɓu ne ke riƙe da ita ba, ba za a sakar mata kuɗi ba. Jama'a sun yi murna ƙwarai, har wasu suka ce talaka ya samu 'yanci, domin kashi 20.6 cikin ɗari na abin da ake rabawa daga asusun tarayya na ƙananan hukumomi ne, kuma tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 wannan kaso ya ƙaru sosai a lissafin naira.

Abin da ya biyo bayan hukuncin shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Da kuka ga cewa kantomomi ba za su ƙara karɓar kuɗi ba, sai jihohin da suka shekara da shekaru ba su waiwayi zaɓen ƙananan hukumomi ba suka tashi haiƙan suka shirya shi cikin 'yan makonni. A Bauchi, a watan Agustan 2024, PDP ta lashe kujerun ciyaman 20 gaba ɗaya. A Kebbi APC ta kwashe 21, a Sakkwato ta kwashe 23, a Jigawa ta kwashe 27. A Kaduna APC ta ɗauki ciyamomi 23 da kansiloli 255, a Kano kuma NNPP ta ɗauki ciyamomi 44 da kansiloli 484, ba ta bar ko kujera ɗaya ba. A Filato PDP ta samu 17, a Zamfara ta samu 14, sannan a Katsina, a watan Fabrairun 2025, APC ta samu 34. Jam'iyyu uku ne mabambanta, waɗanda ba sa ga-maciji da juna a kan komai, amma a wannan batu sakamakonsu iri ɗaya ne sak: jam'iyyar da ke gidan gwamnati ita ce ta cinye duka.

Da a ce waɗannan jihohi kowa a cikinsu ɗan jam'iyya ɗaya ne, da babu abin cewa. To amma alƙaluman zaɓen 2023 suna nan, kuma da su ne kuka hau kujerun da kuke kai. A Kaduna, tazarar da ke tsakanin wanda ya ci zaɓen gwamna da wanda ya zo na biyu ba ta kai ƙuri'a dubu 11 ba, a zaɓen da kowannensu ya samu fiye da dubu 700, kuma PDP ce ta ci kujerun sanata uku na jihar a wannan shekarar. Ta yaya jam'iyyar da ta yi wannan ƙarfi za ta kasa cin kansila ko da guda ɗaya a mazaɓu 255 bayan shekara ɗaya da rabi? A Kano, ɗan takarar APC ya samu ƙuri'a fiye da dubu 890 a zaɓen gwamna na 2023. Kafin nan, a watan Janairun 2021, APC ce ta lashe duka ƙananan hukumomi 44 na jihar a zaɓen da hukumar zaɓe ta jiha ta gudanar, kamar yadda ta yi a 2018, zaɓen da hotunan ƙananan yara suna dangwala ƙuri'a suka karaɗe ƙasar nan a kansa. Da gwamnati ta sauya hannu, sai sakamakon ya juya baki ɗaya. Gaskiya ne cewa a wasu jihohin 'yan adawa sun ƙaurace wa zaɓen, amma ƙauracewar tasu ita kanta shaida ce: sun san abin da za a yi, domin abin da suka yi ke nan a lokacin da suke kan mulki.

Bari in gaya muku yadda irin wannan rana take a ƙasa, tunda ku a ranar kuna zuwa rumfarku ne da rakiyar jami'an tsaro da 'yan jarida, ku tarar da akwati da malaman zaɓe suna jiranku. A mazaɓarmu, a makarantar firamaren da muka saba jefa ƙuri'a, dattawa sun fito da safe sun shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya, mata sun yi layinsu a jikin katanga da katunansu a ƙulle a bakin mayafi. Aka yi azahar babu kayan zaɓe. Wani matashi da ya tsaya takarar kansila, wanda ya sayar da babur ɗinsa ya cika kuɗin fom, yana ta kai-kawo tsakanin rumfa da sakatariya, ana ce masa motar kaya tana hanya. Da aka yi la'asar mutane suka naɗe tabarminsu suka watse. Washegari muka ji a rediyo an sanar da dubban ƙuri'un da aka ce an kaɗa a ƙaramar hukumarmu, aka kuma yaba wa jama'a kan yadda suka fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu. Abin da ya fi damuna a wannan ranar shi ne babu wanda ya yi fushi. Dariya kawai aka yi, aka ce dama an sani.

Wannan dariyar ita ce asarar da kuke jawo wa dimokuraɗiyya, kuma ba ta tsaya a ƙaramar hukuma ba. Mutumin da aka koya masa cewa ƙuri'arsa ba ta da amfani wajen zaɓen kansilan da ya san gidansu, da wuya ka shawo kansa cewa tana da amfani wajen zaɓen shugaban ƙasa. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin mutane fiye da miliyan 93 da suka yi rajista, kusan kashi 27 cikin ɗari ne kawai suka fito. Dalilan hakan suna da yawa, amma ban yarda a cire wannan daga cikinsu ba.

Tushen matsalar a rubuce yake. Sashe na 197 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kafa wa kowace jiha hukumar zaɓe da ake kira mai zaman kanta, amma gwamna ne ke naɗa shugabanta da mambobinta, Majalisar Dokokin jiha ta tabbatar, kuma daga hannun gwamnatin jihar hukumar take karɓar kuɗin aikinta. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ga kuma kuɗin fom, wanda aka mayar da shi shinge. A 2024 hukumar zaɓe ta Kano ta fara sanya naira miliyan 10 ga mai neman ciyaman da miliyan 5 ga mai neman kansila, har sai da maganar ta kai gaban kotu. Malamin makaranta da ya yi ritaya, ko ma'aikaciyar lafiya da unguwa ta yarda da ita, ina za su samo wannan kuɗi? Sai wanda wani babba ya saya wa fom, kuma wanda aka saya wa fom ya san wa zai yi wa biyayya.

A nan ne hukuncin Kotun Ƙoli ya zama ba shi da haƙori. Ko da an buɗe wa kowace ƙaramar hukuma asusu a Babban Bankin Najeriya, an zuba mata kasonta ba tare da ya bi ta hannun kowa ba, idan ciyaman ɗin ɗauki-ɗora ne, kira ɗaya daga gidan gwamnati ya isa ya mayar da kuɗin inda suka saba zuwa, da sunan aikin haɗin gwiwa ko gudunmawar tsaro. Ciyaman ɗin da bai ci zaɓe ba ba shi da jama'ar da za ta tsaya masa idan ya ƙi, kuma ya san Majalisar Dokoki tana iya dakatar da shi a zama ɗaya. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya bayyana yadda ake wannan a watan Disambar 2022, inda ya ba da misalin gwamnan da za a turo wa ƙaramar hukuma miliyan 100, ya miƙa wa ciyaman 50, ya sa shi ya sa hannu cewa ya karɓi duka. Kafin nan, a 2019, da hukumar tattara bayanan sirri kan harkokin kuɗi ta NFIU ta fito da ƙa'idojin hana taɓa kuɗin ƙananan hukumomi a asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, Ƙungiyar Gwamnonin Najeriya kotu ta garzaya. Haka kuma da Majalisar Tarayya zango na tara ta amince da gyaran tsarin mulki don ba ƙananan hukumomi 'yancin kuɗi da na gudanarwa, ƙudurin ya mutu ne a majalisun jihohi, saboda bai samu amincewar majalisu 24 da ake buƙata ba. Kowa ya san wanda majalisun jihohi suke sauraro. Wasunku ba su hau mulki ba a lokacin, amma ban ji wani a cikinku ya fito ya ce magabatansa sun yi kuskure ba.

Na san hujjojinku, kuma ba zan ce dukkansu na banza ba ne. Kuna cewa sashe na 162 na tsarin mulki har yanzu yana ɗauke da asusun haɗin gwiwa, kuma akwai manyan lauyoyi da suke ganin kotu ta shiga aikin masu gyaran tsarin mulki. Kuna cewa akwai ƙananan hukumomin da kasonsu ba ya isa biyan albashi sai an ɗebo daga na wasu an cika musu. Kuna kuma tuna mana da zamanin da albashin malaman firamare yake hannun ciyamomi, malamai suka riƙa yin watanni babu ko sisi, abin da ya sa ƙungiyar malamai ta NUT ta daɗe tana ɗari-ɗari da wannan 'yanci. Wannan tsoro yana da tushe, domin ko a 2025 malaman firamare na Abuja sun yi yajin aiki na fiye da wata uku saboda shugabannin ƙananan hukumomin birnin, waɗanda zaɓaɓɓu ne, sun kasa biyansu sabon mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70. Saboda haka ba na cikin masu cewa da zarar kuɗi sun sauka a sakatariya komai ya gyaru. Akwai ciyamomin da idan aka sakar musu mara, abin da za su yi sai ya fi na gwamna muni.

To amma duk waɗannan hujjoji a kan kuɗi suke, babu ko ɗaya a cikinsu da ta halatta rubuta sakamakon zaɓe a ofis. Idan tsoronku shi ne ciyaman zai wawure dukiyar jama'a, ai maganinsa shi ne a bar jama'ar su iya korarsa a zaɓe na gaba, a kuma bar kansilolin adawa su zauna a majalisarsa suna tambayarsa lissafi. Majalisar da duk mambobinta 'yan amshin shata ne, waɗanda mutum ɗaya ya rubuta sunayensu, wa zai binciki wa a cikinta? Kun cire mai gadin da tsarin mulki ya ajiye, sannan kuna kafa hujja da cewa za a yi sata.

Kuma ba a ce abin ba ya yiwuwa ba, domin an gani a cikin Arewar nan. A Babban Birnin Tarayya, inda INEC ke gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi shida, an raba su ne uku-uku tsakanin APC da PDP a watan Fabrairun 2022. A Kaduna, lokacin da aka yi amfani da na'urar jefa ƙuri'a a 2018 da 2021, 'yan adawa sun ci wasu ƙananan hukumomi, har jam'iyyar gwamnan lokacin, Malam Nasiru El-Rufai, ta faɗi a rumfarsa a 2021, kuma sama ba ta faɗo ba. Waɗannan zaɓuka ba su rasa ƙorafi ba, amma aƙalla mutum yana iya kallon sakamakonsu ya ga kamannin jihar. Da aka ajiye na'urar aka koma takarda a 2024, sai aka koma cinye-duka.

Ranku ya daɗe, wannan gwagwarmaya ta girmi dukkanmu. A watan Agustan 1950 Abubakar Tafawa Balewa ya tashi a Majalisar Arewa ya gabatar da ƙudurin neman a yi wa mulkin En'e garambawul, saboda talaka ba shi da baki a cikinsa, kuma a wannan watan ne aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a kan kusan wannan kuka. Amma duk da zaluncin da aka san En'e da shi, tana da baitulmalinta, tana gina makarantu da ɗakunan shan magani, tana haƙa rijiyoyi, kuma ma'aikatanta suna zaune a inda suke aiki. Gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 ya zo ne don a riƙe wannan kusanci da jama'a, a ƙara masa zaɓe. Abin da muke da shi yanzu ya rasa duka biyun. Ku aika wanda kuka amince da shi, ba tare da sanarwa ba, ya leƙa sakatariyar wata ƙaramar hukuma ta karkara ranar Laraba a tsakiyar wata. Zai tarar da ofisoshi a kulle, ciyawa ta cinye harabar, awaki na kwance a baranda, sai maigadi da masinja ɗaya ko biyu. Ciyaman yana babban birnin jiha, inda iyalinsa suke, kuma inda wanda ya ba shi kujerar yake. Ba ya zuwa sai ranar rabon albashi ko ranar da za a yi baƙo.

Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya lissafa ayyukan wannan mutum: kasuwanni da tashoshin mota, maƙabartu, kwashe shara, hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, rajistar haihuwa da mutuwa, da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya da noma. Waɗannan su ne abubuwan da talaka yake nufi idan ya ce gwamnati. Gadar sama a babban birni tana da amfaninta, amma matar da naƙuda ta kama a ƙauyen da kwalbati ya karye ba ta san da ita ba. Haka kuma a jihohin da 'yan bindiga suka addaba, kamar Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kebbi da Neja da Kaduna, yawancin rigingimun da suka zama wuta a yau sun faro ne daga ƙananan abubuwa, rikicin burtali da gona, satar shanu da ba a bi kadinta ba, hukuncin da aka saya. Hukumar da ya kamata ta fara jin waɗannan, ta zauna da dagaci da hakimi da arɗo kafin jini ya zuba, ita ce kuka mayar kufai. Kuna kashe maƙudan kuɗi wajen kafa rundunonin tsaro na jiha, alhali ofishin da ya fi kusa da dajin babu kowa a cikinsa.

Abin da nake roƙonku bai fi ƙarfinku ba, kuma mafi yawansa ba ya jiran Abuja. Ku kai wa majalisunku ƙudurin da zai fitar da naɗin mambobin hukumar zaɓe ta jiha daga son ran gwamna, ta yadda ba zai miƙa suna ba sai daga jerin da wani kwamiti ya tantance a fili, wanda ya ƙunshi wakilan jam'iyyun adawa da ƙungiyar lauyoyi da malaman addini da ƙungiyoyin farar hula, a kuma ware wa hukumar kuɗinta kai tsaye. Dokar ta tilasta a ƙirga ƙuri'a a rumfa, a manna sakamakon a bango, a ba wakilin kowace jam'iyya kwafinsa, sannan a wallafa sakamakon kowace rumfa, domin yau hukumomin da yawa sunan wanda ya ci kawai suke faɗa. Ku rage kuɗin fom zuwa abin da ma'aikaci mai matsakaicin albashi zai iya biya. Ku tsayar da wa'adi da ranar zaɓe a doka, don kada gwamna ya matsar da su gaba ko baya gwargwadon buƙatarsa. Idan kuma kuna ganin ba za ku iya sakin hukumomin ba, to ku umarci majalisunku su goyi bayan gyaran tsarin mulkin da zai miƙa aikin ga INEC. Ba don INEC ba ta da nata laifin ba, sai don ba ɗayanku ne ke naɗa ta ba.

A ɓangaren kuɗi kuwa, ina tare da ku cewa a cire albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya da fansho tun daga tushe, a rubuta shi a doka ƙarara, don kada a sake barin malami a hannun ciyaman. Abin da ya rage bayan haka a bar wa ƙaramar hukuma, da sharaɗin cewa duk wata za a liƙa a ƙofar sakatariya, a kuma karanta a gidan rediyon jiha da Hausa da sauran harsunan yankin, nawa ya shigo, nawa aka cire, da me aka yi da sauran. Rahoton babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi ya daina kwana a aljihun tebur, kuma ciyaman ya zauna a garin da yake mulka.

Na san abin da wannan yake nufi a siyasance. Duk gwamnan da ya yi shi zai rasa wasu ƙananan hukumomi, watakila har da tasa, kuma 'yan jam'iyyarsa za su ce ya sayar da su. Amma ku tuna cewa kowannenku wa'adinsa ba ya wuce shekara takwas, kuma jihohi irin su Kano da Zamfara da Sakkwato da Filato da Binuwai duk sun sauya jam'iyya a 2023. Hukumar da kuke murɗe abokan hamayya da ita a yau, ita za a murɗe magoya bayanku da ita ranar da kuka sauka. Tunda kuna da ƙungiya, kuma kuna zama a Kaduna kuna fitar da matsaya ɗaya a kan haraji da tsaro, ina roƙon ku sa wannan batu a ajandar zamanku na gaba, ku amince da daftarin doka guda da kowace jiha za ta kai majalisarta a lokaci ɗaya, don kada wani ya ce shi kaɗai aka sa ya ajiye makami.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Naku,
Wani ɗan Arewa mai katin zaɓe.